Labarin Nikola Tesla, Wanda Ya Nemi Ya Aika Da Lantarki Ba Waya

A zamanin nan akwai motocin da ba su shan fetur, sai lantarki da a ke ɗura musu a batir. Galibinsu da igiya a ke ɗura musu shi, a soka bakinta a jikin mota kamar yadda a ke yi a gidan mai. Amma akwai wata dabara kuma da masana ke ta gyarawa, watau a shimfiɗa wani faifai a ƙasa, mota ta zo ta tsaya bisansa, lantarki ya tsallake daga faifan ya shiga cikinta, alhali kuwa babu abin da ya taɓa wani. Wanda ya bi salsalar wannan al'amari, sai ya iske ta kai shi ga wani Bature da ya mutu a ɗakin haya ba shi da kome, sunansa Nikola Tesla. Labarinsa ya kamata malamai su ji shi saboda ilmin da ke ciki, attajirai kuwa saboda cinikin.

An haife shi ran 10 ga watan Yuli 1856 a wani ƙauye da a ke ce da shi Smiljan, cikin ƙasar da a ke kira Kuroshiya yanzu, a sa'an nan kuwa tana ƙarƙashin Sarkin Ostiriya. Iyayensa mutanen Sabiya ne. Uban, Milutin, limamin coci ne. Uwar ba ta yi karatu ba, amma ta haddace dogayen waƙoƙin mutanenta, kuma ta kan ƙago kayan aikin gida da hannunta. Shi Tesla a wurinta ya ke ganin ya gaji hadda da hikimar hannu. Yana ƙarami doki ya kashe wansa, sai uban ya ƙudurta cewa wannan da ya rage shi zai gaje shi a aikin coci. Yaro kuwa ransa na wajen injuna. Abin da ya raba gardama shi ne cutar kwalara da ta kama shi cikin 1873, ya yi wata 9 a kwance har aka fid da rai gare shi. Uban ya yi masa alkawari in ya tashi zai kai shi makarantar injiniyoyi. Ya kuwa tashi, aka cika alkawari, ya shiga makarantar birnin Graz cikin 1875.

Shekarar fari ya yi ƙwazo har ya wuce kima. Daga baya caca ta shiga tsakaninsa da karatu, ya bar makaranta ba takardar shaida. Uban ya mutu cikin 1879. Abu guda dai ya fito da shi daga Graz, wata tambaya ce da ta hana shi sakat, kuma ba a gane ta sai an san cewa lantarki iri biyu ne.

Akwai mai miƙewa, wanda ke gudu fuska guda kamar ruwan kogi, shi ne irin na batir. Akwai kuma mai kai da komo, wanda ke zuwa ya dawo kamar ƙoshiyar masaƙi, sau da yawa cikin sakan guda. Aibin mai miƙewa a wancan zamani shi ne ba ya tafiya nesa. In ya wuce kamar mil guda sai ƙarfinsa ya zube a hanya, sai fa in an yi masa waya mai kauri ta jan ƙarfe, ita kuwa da tsada. Mai kai da komo kuwa ana iya ɗaga turinsa da taransifoma, a aika da shi nesa ta siririyar waya, in ya isa a sauke shi. To, amma babu wani injin kirki da ke juyawa da shi. Injunan lokacin duk na mai miƙewa ne, suna da waɗansu 'yan ƙarafa masu gogar juna a gindinsu, kullum suna tartsatsi suna cinyewa. Tesla ya ga irin wannan inji a aji, ya ce lalle ana iya yin wanda ba ya bukatar wannan guga. Malaminsa ya ƙaryata shi gaban 'yan'uwansa almajirai.

Amsar ta zo masa cikin 1882, sa'ad da ya ke aikin wayar tarho a Budapest. Mai karatu ya tuna da mata masu lugude a turmi guda: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, ba mai karo da wata, sautin yana zagaya turmi. Haka ya ga za a yi da lantarki. A jera gammunan waya kewaye da wani zobe, a ba kowane nasa lantarki mai kai da komo, amma kada su tashi tare, wannan ya riga wancan da kaɗan. Sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa tashi daga wannan gammo zuwa na kusa da shi, yana kewaya zoben, gangar ƙarfen da aka sa a tsakiya kuwa ta bi shi da juyi. Abin lura a nan, babu wayar da ke kai wa gangar lantarki. Ƙarfi tsallake iska ya ke yi ya isa gare ta, ko da ya ke tazarar 'yar ƙanƙanuwa ce. Duk sauran rayuwarsa a neman faɗaɗa wannan tazara ta ƙare.

Ya yi aiki a kamfanin Edison da ke Faris, sa'an nan ya haye Amurka cikin Yuni 1884, ya kama aiki a masana'antar Thomas Edison a Niyok. Bai wuce wata 6 ba ya fita. Ya ba da labari daga baya cewa wani manajan wurin ya yi masa alkawarin dala 50,000 in ya gyara musu injuna, da ya gama aka ce masa ai wasa ne. Ya haɗa kai da waɗansu masu jari a kan fitilun titi, da abin ya kankama suka ture shi, suka riƙe takardun mallakar dabarunsa. Har ta kai mutumin da ya ke jin harsuna da yawa yana haƙar kwata a titi, ana biyansa dala 2 a yini.

Wajen ƙarshen 1886 ya gamu da mutum biyu, Alfred Brown da Charles Peck, waɗanda suka san yadda a ke mai da dabara kuɗi. Suka kama masa ɗakin gwaji, ya ƙera injinsa, gwamnati ta ba shi takardun mallaka cikin Mayu 1888. Watan Yuli na wannan shekara wani babban mai masana'antu, George Westinghouse, ya yi ciniki da su a kan dala 60,000, wani sashe tsaba wani sashe hannun jari, da kuma la'adar dala 2.50 a kan kowane ƙarfin doki guda na injin da aka sayar. Gaskiya dai ba shi kaɗai ya hango wannan hanya ba. Wani malami a Italiya, Galileo Ferraris, ya bayyana irin wannan maganaɗisu mai kewayawa cikin 1888, a Jamus kuma Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ya kyautata tsarin waya uku, wanda da shi aka aika da lantarki kilomita 175 zuwa Frankfurt cikin 1891. Amma a Amurka takardun Tesla su ne ƙofa, wanda duk zai shiga sai ya bi ta nan.

To, ga inda attajirai za su kasa kunne. Cikin 1890 kasuwar kuɗi ta rikice a Landan, masu bin Westinghouse bashi suka matsa masa ya rage kashe kuɗi. Farkon 1891 ya zo wa Tesla da maganar la'adar nan, ya nuna masa in ba a janye ta ba kamfani zai fita daga hannunsa, sa'an nan sai dai Tesla ya bi masu banki da roƙon haƙƙinsa. Tesla ya yafe. Waɗansu na kiran wannan karimci, kuma akwai karimci a ciki. Akwai lissafi kuma, domin a lokacin injin bai fara sayuwa sosai ba, yana kuwa bukatar mai tsaya masa. Sai dai ya yafe ta ɗungum, bai ce a jinkirta ba, bai ce a rage ba. Cikin 1897 aka sayi takardun baki ɗaya a kan dala 216,000. Kuɗi ne masu yawa, amma kuɗin da ke shigowa sau guda daban su ke da rijiyar da a ke ɗiba kullum, balle ga mutumin da ke kwana a manyan otal, yana zuba abin da ya samu duka cikin gwaji.

Shekarun nan su ne ganiyarsa. Kamfanin Westinghouse ya haskaka babban bajekolin Shikago cikin 1893 da lantarki mai kai da komo. Aka kafa injuna a gangaren ruwan Nayagara, cikin Nuwamba 1896 wutarsu ta isa birnin Buffalo, tafiyar fiye da mil 20. Daga nan gardama ta ƙare, duniya ta bi wannan hanya. Lantarkin da ke fitowa daga madatsar Kainji tun 1968 irinsa ne, fankar da ke juyawa a rufin shago kuwa jikar injin nan ce.

Shi kuwa tuni hankalinsa ya yi gaba. Tun 1831 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa in lantarki na canzawa cikin gammon waya guda, ya kan haifar da wani lantarki cikin gammon da ke kusa da shi ko ba su haɗu ba. Tesla ya ƙara abu biyu a kan wannan. Na fari, ya sa kai da komon ya yi sauri ƙwarai, dubbai cikin sakan, da wata na'ura da ya ƙago cikin 1891 wadda har yanzu a ke kira da sunansa. Na biyu, ya daidaita gammunan biyu su zama murya guda. Masu kaɗa molo sun san in tsirkiya biyu sun yi daidai, ka taɓa ɗaya sai ɗayar ta amsa ita kaɗai. Haka gammon da aka daidaita ya ke karɓar ƙarfi daga ɗan'uwansa fiye da wanda ba a daidaita ba nesa ba kusa ba. Ya kan tsaya gaban taron masana a Niyok da Landan da Faris, riƙe da kwalbar fitila a hannu ba ta haɗe da kome, sai ta kama. Cikin Maris 1895 gobara ta cinye ɗakin gwajinsa da kayan aiki da takardu, ya sake sabon lale. Cikin 1898 ya nuna wani ɗan jirgin ruwa da ya ke sarrafawa daga nesa da wayar iska.

Cikin 1899 ya tafi Kolorado, ƙasa mai tudu da yawan tsawa, ya gina babbar na'ura wadda ke fid da walƙiya mai tsawon kamu da yawa. A can ya ƙudurta a ransa cewa ita ƙasa kanta ana iya mai da ita waya. A ganinsa, in aka kafa tasha guda mai ƙarfi tana bugun ƙasa da lantarki bisa ƙa'ida, mutum a ko'ina cikin duniya sai ya kafa sanda ya ɗiba, kamar mai ɗiban ruwa a kogi.

Da wannan niyya ya nufi J. P. Morgan, wanda babu mai banki kamarsa a Amurka a lokacin. Cikin 1901 Morgan ya ba shi dala 150,000, a kan zai mallaki kashi 51 cikin 100 na dabarun da za su fito. Abin da aka yi ciniki a kansa shi ne tashar aika saƙo ƙetaren tekun Atalantika. Aka fara gini a wani wuri da a ke kira Wardenclyffe, a tsibirin Long Island kusa da Niyok. Hasumiyar katako ce mai tsawon ƙafa 187, da ƙubba a kanta kamar an kifa ƙwarya, a ƙarƙashinta kuma aka haƙa rijiya mai zurfin ƙafa 120 don ta kama ƙasa. Amma tun ba a je ko'ina ba Tesla ya faɗaɗa aikin ya wuce abin da aka shirya, ya koma neman ƙarin kuɗi. Ana cikin haka, watan Disamba 1901, wani saurayi ɗan Italiya, Guglielmo Marconi, ya aika da alamar harafi guda daga Ingila zuwa Newfoundland, da kayan da ba su kai nasa tsada ba ko kusa. Da Tesla ya ga an riga shi, sai ya buɗe wa Morgan ainihin nufinsa, watau aika ƙarfin lantarki kansa, ba saƙo kaɗai ba. Morgan ya ƙi ƙara ko anini. Tesla ya rubuta masa wasiƙu fiye da 50 cikin shekarun da suka biyo, wata da lallashi, wata da zafi, ba abin da ya sake.

Mutane sun saba ɗora laifin duka a kan Morgan, amma duk falken da ya taɓa ba da jari don a sayo goro, aka dawo aka ce masa an sayi raƙuma a ƙara kuɗi, ya san abin da mutumin ya ji. Bayan haka kuma, ita dabarar tana da rami a cikinta. Ƙarfin maganaɗisun da ke tsakanin gammo biyu ya kan ragu da sauri ainun in an nisanta su. Wanda kuma aka watsa cikin sarari kamar na rediyo bazuwa ya ke yi ta kowace fuska, abin da ke isa ga mai karɓa ɗan mitsitsi ne. Wannan ya ishi saƙo, kamar yadda ƙyallin wuta daga nesa ya isa ya shaida wa matafiyi akwai gari a gaba, amma ba ya dafa masa tuwo. Marconi saƙo ya nema, ya samu. Ƙasa kuwa ba ta ɗaukar lantarki yadda Tesla ya zata, kuma har yau ba wanda ya yi abin da ya ce za a yi.

Kafin 1906 aiki ya tsaya cik, shi kansa ya kwanta ciwon damuwa. Ya jinginar da filin ga mai otal ɗin Waldorf-Astoria saboda bashin kwana da abinci, wajen dala 20,000. Cikin 1917 aka rushe hasumiyar don a sayar da ƙarafanta. A wannan shekara kuma ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka ta miƙa masa babbar lambarta, wadda ke ɗauke da sunan Edison.

Sauran shekarunsa ba su da yawan labari. Bai taɓa aure ba. Ya riƙa ƙaura daga wannan otal zuwa wancan, yana barin bashi a baya, yana ciyad da tattabarun birni, har ya kan kawo masu rauni ɗakinsa ya yi jiyyarsu. Ranar haihuwarsa ya kan tara 'yan jarida ya ba su labarin abubuwan mamaki da ya ce ya ƙago, waɗanda ba a taɓa ganinsu ba. Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya yanka masa dala 125 a wata, yana kuma biya masa kuɗin ɗaki. Ya mutu shi kaɗai a ɗaki mai lamba 3327 na otal ɗin New Yorker, ran 7 ga Janairu 1943, yana da shekara 86. Tokar gawarsa tana gidan tarihin da aka yi dominsa a Belgrade. Cikin 1960 masana na duniya suka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa, cikin 2003 kuma aka kafa kamfanin motocin lantarki na Tesla, wanda ba shi da wata dangantaka da shi sai suna da irin injin da ya fara sa wa motocinsa.

Maganar gammo biyu masu murya guda ta sake tashi cikin 2007, sa'ad da waɗansu malaman jami'ar MIT suka kunna fitila mai wat 60 daga nisan mita 2, ko da ya ke fiye da rabin ƙarfin ya salwanta a tsakani. Masu ƙera motoci suka ga in an rage tazarar, hasarar za ta ragu. Cikin 2020 ƙungiyar injiniyoyin mota da a ke kira SAE ta fid da ƙa'ida: gammo ɗaya a ƙasa, ɗaya a cikin mota, lantarki yana kai da komo wajen sau 85,000 cikin sakan, ƙarfinsa har kilowat 11.

Wahalar yanzu ba a gammon ta ke ba, tana wajen na'urar da ke ciyad da shi. Lantarkin gari sau 50 ko 60 kaɗai ya ke kai da komo cikin sakan, saboda haka sai an miƙar da shi tukuna, sa'an nan a daddatse shi da waɗansu ƙananan makunnai marasa motsi, masu buɗewa da rufewa da saurin da a ke bukata. A tsohon tsari makunni hawa biyu kaɗai ya sani, ko turi duka ko babu, kamar mai dirowa daga soro zuwa ƙasa da tsalle guda. In ƙarfi kaɗan ne ba laifi. Amma batir ɗin motoci ya tashi daga bolt 400 zuwa 800, ana kuma so a cika manyan motoci cikin ɗan lokaci, sai makunnan su yi zafi, lantarkin ya fito da kaushi yana damun na'urorin da ke kusa. Maganin da a ke gwadawa shi ne a yi wa turin matakala. A raba shi tsakanin waɗansu tulunan ajiyar lantarki, ya hau mataki mataki ya sauka mataki mataki, hawa uku ko biyar ko fiye. A mai hawa uku kowane makunni rabin kaya kaɗai ya ke ɗauka. Malamai uku na Japan, Akira Nabae da Isao Takahashi da Hirofumi Akagi, su suka bayyana shahararren tsarin hawa uku cikin 1981, aka fara aiki da shi a manyan injunan masana'antu da jiragen ƙasa. Yana da nasa kuɗin fito: makunnai sun ƙaru, kuma tilas a riƙa lura da tulunan nan kada ɗaya ya fi ɗaya cika, kamar mangalar jaki, in gefe guda ya rinjaya kaya sun zube.

A ɗakin binciken gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge, cikin 2018, an tsallakar da kilowat 120 a tazarar inci 6, kashi 97 cikin 100 ya isa lafiya. Cikin 2024 suka ɗura wa wata mota ƙirar Porsche kilowat 270. Gammon da suka yi aiki da shi a wannan karo naɗi da yawa ne a haɗe, kowane yana tashi bayan ɗan'uwansa, maganaɗisu yana kewayawa, watau luguden nan na Budapest. Tsakanin faifan ƙasa da cikin motar wajen inci 5 ne, bai kai taƙi guda ba.